Ƙananan Injunan Saƙa A Ƙasar Indiya, Da Irin Taimakon Da Gwamnati Ke Yi Musu

Zuwa ga Edita, da dukan 'yan'uwa masu karatu.

A makon jiya wani malamin makaranta ya rubuto takarda a wannan shafi, yana tambaya ko me ya hana Gwamnati ta sayo ƙananan injunan saƙa ta rarraba wa masaƙanmu, tun da ya ke manyan ma'aikatun saƙa sun mutu, tufafin waje kuwa sun cika kasuwa. Tambayar ta yi kyau, kuma da jin ta ka san daga mai kishin ƙasa ta fito. Amma kafin mu roƙi Gwamnati wani abu, ya kamata mu san abin da mu ke roƙo. Saboda haka yau ina so in kai ku ƙasar Indiya, don a duniya babu inda ƙaramin injin saƙa ya yi yawa kamar can, babu kuma inda Gwamnati ta daɗe tana fama da sha'aninsa kamar can. Tafiya mabuɗin ilmi, ko da a takarda aka yi ta.

A Indiya saƙa iri uku ce. Akwai ta hannu, irin wadda muka gada, mutum da masaƙarsa a gindin itace ko a zaure. Akwai ta manyan ma'aikatu, inda auduga ke shiga ta wannan ƙofa, yadi ya fito ta waccan, mutum dubu suna aiki ƙarƙashin rufi guda. Sa'an nan akwai ta tsakiya, wadda ita ce zancenmu. Mutum ya sami rumfa ta kwano, ya kafa inji huɗu, ko takwas, ko goma sha biyu, ya jawo musu wutar lantarki, ya ɗauki 'yan ƙodago biyu ko uku. Ba ya kaɗi, ba ya rini. Zare ya ke karɓa a kaɗe, ya saƙa akoko, ya miƙa wa wani ya wanke, ya rina, ya buga masa zane.

Kada ku raina wannan rumfa. Ƙidayar da aka yi wa Gwamnatin Indiya a 2013 ta nuna irin waɗannan injuna sun kusa 2,500,000, mutanen da ke ci daga gare su kuwa sun wuce 4,000,000. Fiye da rabin yadin da a ke saƙawa a ƙasar daga cikinsu ya ke fitowa. Akwai garuruwan da suka shahara da wannan sana'a, kamar Biwandi kusa da Bombai, wadda yanzu a ke kira Mumbai, da Malegawon, da Icalkaranji, da Surat, da Erod can kudu. Injunan ba su tsayawa dare da rana, har in mutum biyu za su yi magana a cikin rumfa sai ɗaya ya kai bakinsa kunnen ɗan'uwansa.

To, yaya aka yi suka yi yawa haka? Nan ne abin mamaki ya ke, don da farko ba su Gwamnati ta yi nufin taimako ba. Sa'ad da Indiya ta sami mulkin kai a 1947, shugabanninta almajiran Mahatma Gandi ne, mutumin nan da ya mai da kaɗin zare da hannu alamar 'yanci. Tausayinsu duka yana wajen masaƙin hannu. Don su kare shi, suka ɗaure manyan ma'aikatu. A 1953 aka ɗora wani haraji bisa yadin ma'aikatu, kuɗin a taimaki saƙar hannu da shi. Aka kuma hana ma'aikatun ƙara yawan injunan saƙarsu yadda su ke so. Amma mai 'yar rumfa wanda injunansa ba su wuce huɗu ba, aka yi masa rangwamen haraji, aka ce shi ma talaka ne.

Kun san halin ɗan kasuwa, ko'ina ya ke. Mai inji ashirin ya raba su huɗu huɗu a takarda, waɗannan da sunan matarsa, waɗancan da sunan ƙanensa, alhali duk a gida ɗaya su ke. Manyan ma'aikatu kuma suka riƙa sayar da tsofaffin injunansu ga masu rumfuna, su sayar musu da zare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An ɗaure babba domin masaƙin hannu, ribar ta faɗa aljihun na tsakiya. Har a 1974 wani kwamiti da Gwamnati ta naɗa, a ƙarƙashin wani babban ma'aikaci mai suna Sibaraman, ya ba da labari cewa kowane sabon inji guda yana kashe masaƙar hannu shida.

Abin da ya ƙarasa aikin shi ne yajin aikin Bombai. A watan Janairu na 1982 ma'aikatan manyan masaƙun birnin, wajen mutum 250,000, suka aje aiki a ƙarƙashin wani likita mai suna Datta Samant. Aka fi shekara ba a shirya ba. Da yawa cikin ma'aikatun nan ba su sake miƙewa ba, saƙa ta yi ƙaura zuwa rumfunan Biwandi, ma'aikatan da suka rasa abin yi kuma waɗansu suka bi ta can, a kan ladan da bai kai na da ba. A 1985 Gwamnati ta sake tsari, ta kwance wa manya ɗaurin da ta yi musu, ta kuma yi doka ta keɓe wa masaƙin hannu tufafi iri 22 waɗanda ba a yarda inji ya saƙa ba. A 1996 aka rage su zuwa 11.

Wannan shi ne darasi na fari, ya malamina. In Gwamnati za ta yi taimako, sai ta duba da kyau hannun wa zai karɓa, don ba kullum ne wanda aka kira sunansa ke cin tuwon ba.

Da rumfuna suka zama su ne uwar saƙa a ƙasar, sai ya zama tilas a dube su. Ciwonsu kuwa a fili ya ke. Galibin injunan tsofaffi ne masu ƙoshiya, ba su da sauri, in zare ya tsinke ba su sani ba, sai su yi ta tafiya har aibi ya shiga yadin. Yadi mai aibi kuwa ba ya ƙetare teku, ko a gida ma sai an karya masa kuɗi. A 1999 Gwamnati ta buɗe wani asusu na sabunta injuna. Ka je banki ka ci bashi ka sayi sabon inji, ita kuwa ta ɗauke maka wani kashi na ruwan kuɗin.

A takarda babu laifi. Amma mu da aikinmu ya ke riƙon littafin lissafi mun san abin da banki ke tambaya kafin ya ba da ko anini. Ina littafin shiga da fita? Ina rasit na haraji? Ina takardar gida da za ka ba da jingina? Mai inji huɗu, wanda lissafinsa duka a kansa ya ke, rumfarsa kuwa ta haya ce, da me zai amsa? Sai ya zama mafi yawan kuɗin manyan kamfanoni suka kwashe, musamman masu kaɗin zare, waɗanda ke da akawuna da lauyoyi. Mai rumfa ya ji labari a rediyo, shi ke nan rabonsa.

Sai a ran 1 ga Afrilu 2017, aka zo da wani shiri na shekara uku musamman domin ƙananan, aka sa masa suna PowerTex India. Ministar sha'anin saƙa ta lokacin, Smriti Irani, ita ta buɗe shi a garin Biwandi. Ina so ku dubi abin da ke cikinsa, don da gani an koyi wani abu daga kuskuren baya.

Na ɗaya, ba a ce wa talaka ya jefar da tsohon injinsa ba. An ce a gyara shi inda ya ke, a ɗaura masa 'yan na'urori waɗanda za su tsai da shi da kansa in zaren tsaye ko abawa ya tsinke, Gwamnati ta biya rabin kuɗin gyara, ko fiye ga waɗansu. Na biyu, in masu rumfuna suka haɗa kai, a taimake su gina babbar rumfa guda mai iska da haske, da gidan wadari da gyaran zare na tarayya. Na uku, a taimaki mai injuna kaɗan ya kafa faifan nan masu jawo wuta daga hasken rana. Na huɗu, wanda ya fi duka a ganina, shi ne rumbun zare.

Bari in tsaya kan wannan, don shi ne cibiyar magana. Yawancin masu rumfuna ba su da jarin sayen zare. Attajiri ne ke ba su zare, su saƙa, ya karɓi yadin, ya biya su ladan saƙa kaɗai. Shi ke yanka ladan, shi ke cewa ga aibi a rage, shi ke cewa a dawo wata mai zuwa. Wanda ya yi ƙarfin hali ya sayi zare da kuɗinsa kuwa, ƙulli kaɗan ya ke iya saya, da tsada, wajen dillali na uku ko na huɗu. Yau kuɗin zare ya hau, gobe kuɗin yadi ya faɗi, yana tsakiya kamar hatsi tsakanin dutsen niƙa da ɗansa. Injin nasa ne, amma wuyansa yana hannun mai zare. Dabarar rumbun zare ita ce, mutum 11 ko fiye su kafa jam'iyya, su tara abin da za su iya, Gwamnati ta ba su bashi wanda babu ruwa a kansa, har zuwa rupi 20,000,000. Su sayi zare da yawa kai tsaye daga ma'aikatar kaɗi a kan farashin sari, su riƙa ba 'yan jam'iyya. Malamanmu za su lura, wannan hanya ba ta da abin da zai sa mai tsoron riba ya ja da baya.

Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Garin Icalkaranji ya riga Gwamnati gane ta. A 1904 wani saurayi mai suna Bitalrawo Datar ya kafa injin saƙa na fari a garin, sarkin garin kuwa ya ƙarfafa wa masu sana'ar gwiwa. Da suka yi yawa, suka ga masu zare na wasa da su, sai a 1962 suka haɗa kuɗi suka kafa ma'aikatar kaɗin zare ta jam'iyyarsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙaramin gari ya zama har ana yi masa kirari da sunan Mancesta, babban birnin saƙa na Ingila a da.

Amma kada ku zaci da aka buɗe shirin 2017 sai daɗi ya zo. Wata biyar kafinsa, a Nuwamba 2016, Gwamnati ta soke takardun kuɗi na rupi 500 da na rupi 1,000 dare ɗaya. Sana'ar rumfa kuwa duk da tsabar kuɗi a ke yinta, sai ciniki ya tsaya cik, 'yan ƙodago da yawa suka koma ƙauyukansu. Wata uku bayan buɗe shi kuma, a Yuli 2017, aka kawo sabon harajin kaya. Zaren roba aka sa masa kashi 18 cikin 100, yadin da aka saƙa da shi kashi 5, watau masaƙi ya biya da yawa wajen saye, ya karɓi kaɗan wajen sayarwa. 'Yan kasuwar Surat suka rufe shagunansu kwana da kwanaki, har daga baya aka rage na zaren zuwa 12. Kafin nan an riga an sayar da injuna masu yawa ga 'yan gwangwan a bakin nauyin ƙarfensu. Ofis guda ya ba da hannun dama, wani ofis ya karɓe da hagu, kuma duk Gwamnati ɗaya ce.

Akwai kuma taimakon da Gwamnatocin jihohi ke yi, wanda ya fi kusa da tukunyar masaƙi. A jihar Tamil Nadu ana ba mai rumfa wutar lantarki kyauta har wani awo. A 2023 aka ƙara awon daga yunit 750 zuwa 1,000 a kowane wata biyu. Tun 1983 kuma Gwamnatin jihar ta fara rarraba wa talakawa zanen mata da gyauton maza kyauta a lokacin bikinsu na kaka mai suna Pongal, tufafin kuwa wajen jam'iyyun masaƙan jihar a ke ba da aikinsu. Ku dubi hikimar. Da kuɗi ɗaya an suturta matalauci, an kuma ba masaƙi aikin watanni wanda ya tabbata za a saya. Duk da haka, a 2022 da kuma 2025 masu rumfunan yankin Koyambatur da Tirupur sun kashe injunansu makonni, suna neman attajirai masu ba su zare su ƙara ladan saƙa. Ashe ko an ba ka wuta, in zaren na wani ne, da sauran magana.

Kada kuma in manta da wanda ya fi kowa wahala, ɗan ƙodagon da ke tsaye gaban injin. Da yawansu baƙi ne daga jihohi matalauta. Sa'a goma sha biyu a tsaye, ana biyansu bisa yawan abin da suka saƙa, ƙara tana cin kunnensu, ƙurar auduga tana shiga ƙirjinsu. In an ɗauke wuta, ladansu aka ɗauke. Kusan dukan taimakon da na lissafa mai inji ke karɓa. Duk ƙasar da za ta bi wannan hanya, kada ta bar wannan bawan Allah a baya.

To, yanzu mu komo gida, mu auna tambayar malaminmu da abin da muka gani. Mu ba baƙin saƙa ba ne. Sa'ad da Bature mai yawon nan Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin da a ke saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kai wa har Tambutu da Tarabulus. A 1957 aka buɗe babbar masaƙa ta fari a Kaduna, waɗansu suka biyo baya, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata. A 2002 waccan ta fari ta rufe, saura suka yi ta binta. Tsakanin 2009 da 2010 Gwamnatin Tarayya ta ware naira biliyan 100 don tayar da sana'ar auduga da saƙa, ta hannun Bankin Masana'antu. Ku shiga Kantin Kwari ku duba turamen da ke jibge, ku karanta inda aka yi su, za ku san ko kuɗin sun warkar da ciwon. Bashi ba ya kawo wuta, ba ya tsare iyaka daga 'yan fasa ƙwauri, ba ya shuka auduga.

Saboda haka ga amsata. Ina goyon bayan ƙaramin inji, don jarinsa bai fi ƙarfin jam'iyyar masaƙa ba, in ɗaya ya lalace saura na aiki, ba kuma sai an kwashe mutane daga garuruwansu ba. Amma in aka fara da raba inji, wallahi ba za a shekara biyu ba sai mun gan su a zaure kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Inji shi ne na ƙarshe. Abin da zan roƙi Gwamnati, bi da bi, ga shi.

Na fari, zare. A tabbata akwai inda a ke kaɗa audugarmu ta Funtuwa da Gusau da Gombe, a kafa rumbun zare a hannun jam'iyyun masaƙa da kansu, da bashi marar ruwa, da akawu amintacce wanda zai riƙe musu littafi, don ran da banki ya tambaya su sami abin nunawa.

Na biyu, wuta. A tara masu injuna wuri guda, a ba wurin wuta tabbatacciya, ko ta layi ko ta hasken rana. Wanda zai saƙa da man janareta ba zai taɓa yin araha da yadin da ya zo daga Sin ba.

Na uku, mai saye. Gwamnati babbar mai sayen yadi ce a ƙasar nan. Kayan 'yan makaranta, da zannuwan gadon asibiti, da kakin ma'aikata, duk yadi ne mai sauƙin saƙa, daidai ƙarfin ƙaramin inji. A 2017 an riga an ba ofisoshin Gwamnatin Tarayya umurni su fifita kayan gida wajen saye. A cika wannan da aiki, a kuma biya masaƙi a kan kari, don mun san yadda takardar biya ke kwana a tebur.

Na huɗu, kada a kashe masaƙin hannu. Saƙi, da gwado, da luru, da farin da a ke ɗinka babbar riga, waɗannan darajarsu a hannu ta ke. A bar wa inji akoko da alawayyo da kaki, a sa wa na hannu alama wadda mai saye zai gane, kada wani ya saƙa a inji ya sayar da sunan na hannu. Mun ga abin da ya sami 'yan'uwansa a Indiya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

In waɗannan huɗu suka tsaya, ko Gwamnati ba ta raba inji ba, 'yan kasuwarmu za su sayo da kansu, don ba a koya wa Bakano inda riba ta ke.

Daga ƙarshe ina da roƙo wajen malamai da akawuna masu karanta wannan jarida. Waɗanda maganar nan ta fi shafa, da yawansu ba su karanta boko. In akwai masaƙi a unguwarku, ku je ku karanta masa, ku tambaye shi inda ya ke sayen zare, da nawa, da wanda ke sayen abin da ya saƙa, da abin da ke rage masa in ya fid da kuɗin zare. Ku rubuto wa Edita abin da ya faɗa da bakinsa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke yi masa yoyo, mu namu riƙon alƙalami ne. Malamin da ya tayar da zancen kuwa, ina gode masa, in kuma ya ga na kauce, fili a buɗe ya ke.

Allah ya ba shugabanninmu basira, ya sa albarka a sana'ar talakawa. Sai mako mai zuwa. Wassalam.

Naku,
Akawu Mai Alƙalami